Masu Karanta Tantanin Gaɓa

A manyan asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko na Maiduguri da Sakkwato, akwai wani sashe da marar lafiya bai cika taka ƙafarsa ba, sai dai ɗan rakiyarsa ya kai kwalba ko ya je karɓar takarda. Sunansa histofatoloji, wurin da ake binciken naman da aka yanko daga jikin mutum. Kafin ka ga ma'aikaci ko ɗaya, warin famalin ya riga ya tarbe ka, wari mai yaji da ke sa ido ruwa. Yawancin abin da ake kawowa nan ƙari ne, na mama, na mahaifa, na hanji, ana son a san ko daji ne. Amma jefi-jefi sai ga wata 'yar kwalba daga wajen likitocin ƙashi, a ciki wasu 'yan gutsattsarin nama suna yawo cikin ruwa, kowanne bai wuce milimita biyu ko uku ba, a jikin takarda an rubuta gwiwar dama ko wuyan hannun hagu. Tantanin gaɓa ke nan, kuma karanta shi yana da nasa ƙa'idoji.

Duk gaɓar da ke motsi sosai, daga gwiwa har yatsu, tana cikin wata jaka, cikin jakar kuma akwai siririn tantani mai fitar da ruwa mai yauƙi, wanda ke hana ƙasusuwa gogar juna yana kuma ciyar da guringuntsi. A jikin lafiyayye, fuskar wannan tantani ba ta wuce kaurin ƙwayar halitta ɗaya zuwa uku ba. A cutar rumatoyid, ɗaya daga cikin nau'o'in amosanin gaɓɓai, garkuwar jiki ce ke juyowa ta far wa tantanin. Sai ya kumbura, ya yi kauri, ya tsiro da sababbin jijiyoyin jini, ya riƙa rarrafe bisa guringuntsi yana cin sa, har ya tarar da ƙashi ya zaizaye shi. Karkatattun yatsun dattijuwar da ta daina iya ɗaura zani da safe sai an taya ta, ƙarshen labarin ne. Farkonsa a wannan tantani yake, shekaru kafin nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 18 ne ke ɗauke da cutar, kashi 70 cikin ɗari mata.

Sai dai yawancin waɗannan miliyoyin ba a taɓa yankar tantaninsu ba, kuma ba su buƙata. Tun da likitan Faransa Landré-Beauvais ya siffanta cutar a Paris a 1800, Alfred Garrod na Ingila kuma ya raɗa mata suna a 1859, hannun likita da bakin marar lafiya su ne manyan kayan aikin gano ta. Likita zai latsa gaɓɓan yatsu ɗaya bayan ɗaya, ya tambaya, "Hajiya, in kin tashi da asuba, hannun yakan daɗe a sandare kafin ya saki?" Ya duba ko ciwon ya kama dama da hagu tare. Sannan ya tura gwajin jini: wanda ake kira RF, da Erik Waaler na ƙasar Norwe ya ba da rahotonsa a 1940, da wanda ya fi shi kaifi, anti-CCP, da gwajin ESR da CRP masu nuna zafin kumburi. Ma'aunin da ƙungiyoyin likitocin gaɓɓai na Amurka da Turai suka fitar tare a 2010 yana neman maki 6 cikin 10, kuma babu maki ko ɗaya da ya keɓe wa abin da aka gani a madubin likita mai ƙara girman abu. Ana komawa ga tantani ne idan lamari ya rikice: gaɓa ɗaya tak ta kumbura wata da watanni, jini ya yi shiru, ko an sha magani ya ƙi ci. Saboda haka abin da ke isowa teburin waɗannan mutane kusan kullum shi ne wanda ya gagari kowa.

A da sai an buɗe gaɓa da wuƙa. A 1963 wasu likitoci biyu a Amurka, Parker da Pearson, suka fito da wata allura mai ƙugiya da ake sokawa a gwiwa ta tsinko tantani ba tare da an ga inda take tsinkowa ba. Daga baya aka sami 'yar kyamarar da ake zurawa cikin gaɓa, yanzu kuma abin da ake yayi shi ne a bi allurar da na'urar sikanin, a kashe wurin da allurar kashe zafi, a tsinko daga daidai inda kumburin ya fi kauri, marar lafiya ya koma gida a ranar. Ba a wadatuwa da tsinke ɗaya. Kumburin ba ya bazuwa daidai wa daida, nan ya yi yawa can ya yi ƙaranci, shi ya sa masana ke son a ɗebo aƙalla guda shida daga wurare daban-daban.

A minti biyar ɗin da ke biyo baya ake yin kuskuren da ba ya gyaruwa. Kason da za a duba a madubi sai ya faɗa cikin famalin nan take, famalin ɗin kuma ya ninka naman aƙalla sau goma. Kason da za a shuka don neman ƙwayoyin cuta kuwa, in famalin ya taɓa shi ya tashi aiki, domin ya kashe abin da ake nema. In ana zargin cutar gawut, wadda gishirin yurik ke taruwa a gaɓa, nan ma famalin ɓarna yake yi, yana narkar da gishirin, sai dai a sa naman cikin tsantsar alkohol. Kwalba uku ke nan daga gwiwa ɗaya. Mai aikin lab ya san baƙin cikin kwalbar da ta zo daga wani gari mai nisa, an zuba mata ruwan gishiri maimakon famalin, ta kwana biyu a aljihun ɗan rakiya cikin zafin bazara. Ko da wane ne zai duba ta, ba abin da zai gani sai ruɓaɓɓen nama, an kuma soki bawan Allah a banza.

Idan kwalba ta iso lafiya, sai a ba ta lamba, wadda za ta bi ta har ƙarshe. A ƙirga gutsattsarin, a auna su, a rubuta launinsu, a naɗe su cikin 'yar takarda don kada su zurare, a rufe cikin ƙaramin kaset na roba. Daga nan sai injin sarrafawa, wanda yakan kwana yana aiki: ya tsoma naman cikin alkohol mai ƙaruwar ƙarfi har ruwan jikinsa ya fita sarai, ya wuce da shi cikin zailin, sannan cikin narkakken kakin farafin mai zafin kusan digiri 60. Dalilin duk wannan wahala ɗaya ne. Nama laushi gare shi, ba ya yankuwa siriri sai an maye ruwan cikinsa da abu mai tauri. In wuta ta ɗauke tsakar dare ba a tayar da janareta ba, kakin ya daskare a rabin hanya, aikin jiya ya koma baya.

Da safe ma'aikaci zai zauna da ɗan hantsaki ya jera gutsattsarin cikin mazubin ƙarfe ya cika da kaki. A wajen tantanin gaɓa nan ne gwaninta take fara bayyana, domin fuskar tantanin ita ce abin nema. In ya kwantar da shi ta yadda wuƙa za ta bi ta gefe, fuskar da kaurinta ƙwaya biyu ne sai ta fito kamar ƙwaya takwas, lafiyayye ya zama marar lafiya. In kaki ya daskare an sami abin da suke kira bulok. Sai a ɗora shi kan ƙanƙara ya yi sanyi, a ɗaure shi a maikirotom, injin yankan da ake juyawa da hannu. Kaurin kowane yanka maikiron uku zuwa biyar ne, maikiron ɗaya kuwa milimita ce aka raba gida dubu; silin gashin kai ya ninka wannan fiye da sau goma. Yankan yana fitowa manne da juna, dogon zare mai sheƙi da numfashin mutum kaɗai ya isa ya hure shi, shi ya sa za ka ga mai yankan ya kashe fanka yana gumi. Ya ɗauke zaren da burushi, ya shimfiɗa kan ruwan ɗumi har yamutsewarsa ta miƙe, ya zura gilashi ta ƙasa ya kamo shi. Wuƙar da ta dakushe tana barin zane a nama, ruwan da ya yi zafi da yawa yana wargaza shi. Hannu ne ke koyon wannan, kuma yana ɗaukar shekaru.

Har yanzu ba abin da ido zai gani, don naman ba shi da launi. Sai an rina. Rini biyu ne ginshiƙin sana'ar a duk duniya: hematoksilin, mai mayar da cibiyar ƙwayar halitta shuɗiya, da iyosin, mai mayar da sauran jikinta ruwan hoda. Na farkon daga itace ake samunsa, wani itacen yankin Kampece na ƙasar Meziko, wanda Turawa suka daɗe suna rina tufafi da shi kafin likitoci su gano amfaninsa. Wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata ya ga yadda zane ke fitowa daga rijiya kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi, zai gane abin da ke faruwa a nan: gilashin yana fitowa daga hematoksilin ja-ja, sai an bar shi cikin ruwa mai ɗan kanwa-kanwa sannan shuɗin ya tashi, kuma ido ne ke cewa ya isa. A ɗiga gam, a rufe da siririn gilashi, a manna lamba, a jera a faranti a kai wa likita.

Mutum biyu ne ke riƙe da wannan aiki. Mai sarrafa naman masanin kimiyyar lab ne, wanda a Najeriya yake yin shekara biyar a jami'a da shekara guda ta sanin makamar aiki. Mai karantawa da sa hannu likita ne da ya ƙara shekaru yana ƙwarewa a fatoloji. An daɗe ana tankiya tsakanin ɓangarorin biyu a ƙasar kan wa ya kamata ya shugabanci lab, ni dai abin da na sani shi ne gilashin da aka yanka a karkace ba ya miƙewa don an kai shi gaban farfesa.

Likitan fatoloji ba ya farawa da babban ƙarfin madubi. Yakan ɗaga gilashin ga haske tukuna, sannan ya duba da ƙaramin ƙarfi, ya tabbatar akwai fuskar tantani a ciki, ba kitse da jijiya kaɗai aka tsinko ba. A rumatoyid mai zafi, tantanin yakan yi tsiro-tsiro masu leƙawa cikin gaɓa. Fuskarsa ta yi kauri, ƙwaya takwas, goma, ko fiye. Ƙarƙashinta kuma, inda ya kamata a ga fili ruwan hoda, sai a ga shuɗi ya yi dafifi: fararen ƙwayoyin jini da ake kira limfosait sun yi cincirindo kewaye da jijiyoyi, wani lokaci har su tsara kansu dunƙule-dunƙule irin tsarin da ake gani cikin kaluluwa, abin da ba shi da hurumi a cikin gwiwa. Ga ƙwayoyin filasma masu ƙera sinadaran garkuwa, ana gane su da cibiyarsu da ta koma gefe guda. Domin kada kowa ya riƙa faɗin son ransa, wani likitan fatoloji na Jamus, Veit Krenn, ya tsara ma'auni a farkon shekarun 2000. Ana duba kaurin fuska, da cunkoson ƙwayoyin da ke ƙarƙashinta, da yawan ƙwayoyin kumburi, kowanne a ba shi maki daga 0 zuwa 3. In jimla ta tsaya a 0 ko 1, babu kumburi. Daga 2 zuwa 4 mai sauƙi ne, irin wanda aka fi gani a gaɓar da tsufa ko rauni ya cinye. Daga 5 zuwa 9 mai tsanani ne.

Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a wannan ɗaki ji ba ya koruwa. Duk abin da na lissafa, babu ko ɗaya da ya keɓanta da rumatoyid. Amosanin da ke tafiya da cutar fatar nan soriyasis yana iya ba da hoto mai kama da wannan, haka wanda ke biyo bayan gudawa ko ciwon sanyi. Maki 7 na cewa wuta na ci, ba ya faɗin wanda ya kunna ta. Saboda haka likitan fatoloji na ƙwarai yakan fusata da takardar da aka rubuta mata "kumburin gwiwa" kawai aka sa hannu. Yana son shekarun mai gwiwar, da tsawon ciwon, da ko akwai tari ko rama ko zufar dare, da sakamakon jini, da abin da aka riga aka sha. Layi uku na rubutu daga wanda ya ga marar lafiya sukan fi wani rini mai tsada amfani.

A ƙasarmu kuwa, tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce ko tarin fuka ne. Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan masu wannan cuta a duniya, kuma ba huhu kaɗai take kamawa ba. Takan sauka a ƙashin baya, ko ƙugu, ko gwiwa, ta yi ta ci a hankali ba tari ba zazzaɓi mai zafi, har a ɗauke ta amosani. Wani lokaci in aka buɗe gaɓar sai a tarar da wasu 'yan farare masu santsi, waɗanda likitoci da kansu ke kira ƙwayoyin shinkafa, sai dai ana samunsu a tarin fuka, ana samunsu a rumatoyid, ba su raba gardama. Madubi ne ke rabawa. A tarin fuka ƙwayoyin garkuwa sukan yi ƙawanya, a cikinta ga wasu manya-manyan ƙwayoyi masu cibiya da yawa jere a gefe sun yi rabin da'ira, a tsakiya kuma mataccen nama da ya dagargaje. In an ga haka sai a koma ga bulok a sake yanka, a yi rinin Ziehl-Neelsen, a shiga farautar 'yan jajayen sanduna cikin shuɗin fili. A gaɓa ba su da yawa, mutum na iya share rabin sa'a bai ga ɗaya ba, rashin ganinsu kuma ba ya wanke marar lafiya. Nan ne kwalba ta biyu ke amfani, ko a shuka ta a jira makonni shida zuwa takwas, ko a sa ta a na'urar GeneXpert a sami amsa cikin sa'o'i.

Abin da ya sa wannan bambanci ya zama na rai da mutuwa shi ne maganin cututtukan biyu kishiyoyin juna ne. Rumatoyid ana danne garkuwar jiki ne, da metotireksat, da firednisolon, da sababbin alluran da ke toshe sinadarin TNF. Mai tarin fuka kuwa garkuwar ce ke riƙe da cutar, in aka danne ta sai ta fantsama. Ga shi kuma mutanenmu da yawa kafin su iso asibiti sun yi watanni suna sayen firednisolon ko deksa a kemis, don yana kwantar da ciwon cikin kwana biyu, yana kuma rufe alamun da likita zai kama. Akwai wasu masu ɓad da kama ban da tarin fuka. Wani ƙari marar daji yakan mayar da tantani ruwan ƙasa saboda tsohon jinin da ya taru a ciki. Gishirin gawut kuma, in an kiyaye shi daga famalin, yakan fito siriri mai tsini yana ƙyalli a ƙarƙashin wani haske na musamman.

An daɗe ana ɗauka rumatoyid ba cutar baƙar fata ba ce. Brian Greenwood, likitan Ingila da ya yi aiki a Ibadan kafin ya shafe shekarun 1970 a Zariya, ya wallafa a 1969 cewa cutar ba ta da yawa a yammacin Najeriya, kuma tana zuwa da sauƙi. Shekara arba'in da ɗaya bayan haka, a 2010, Farfesa Olufemi Adelowo da abokan aikinsa suka ba da rahoton masu cutar 200 daga asibitin gaɓɓai guda. Ko cutar ce ta ƙaru, ko masu neman ta ne suka ƙaru, zancen cewa ba ta nan dai ya ƙare.

A Turai kuwa sana'ar ta ɗauki wata hanya. Can ba gano cutar ne damuwarsu ba, zaɓen magani ne, domin alluran zamani tsada gare su kuma ba kowa suke yi wa aiki ba. Suna amfani da rini na musamman da ke kama nau'in ƙwaya ɗaya kaɗai ya mayar da ita ruwan ƙasa: CD3, CD20, CD68, CD138, kowanne da abin da yake kamawa. Masu bincike a Amsterdam sun nuna cewa in magani yana ci, ƙwayoyin da CD68 ke kamawa a ƙarƙashin fuskar tantani suna raguwa. A Jami'ar Queen Mary ta Landan, tawagar Costantino Pitzalis ta nuna cewa abin da ake kira cuta ɗaya yana da fuska uku a madubi: mai cike da limfosait, mai rinjayen ƙwayoyin makurofaj, da wanda kusan babu ƙwayoyin garkuwa a cikinsa sai zaruruwa, amma mai shi na kuka da ciwo. Suka gwada ko hoton tantani zai iya nuna maganin da ya dace, a kan mutum 164 a ƙasashen Turai biyar, waɗanda maganin toshe TNF ya gaza musu. Aka tsinko tantanin kowa, sannan aka raba musu ritukzimab, mai kashe ƙwayoyin da CD20 ke kamawa, ko tosilizumab. Hankali na cewa wanda ba shi da waɗannan ƙwayoyi a gaɓarsa ritukzimab ba zai yi masa komai ba. Sakamakon da mujallar Lancet ta buga a 2021 ya zo da ɗan ƙasƙanci ga madubi: da aka raba mutanen bisa abin da ido ya ƙirga, bambancin magungunan biyu bai kai wanda za a kafa hujja da shi ba, sai da aka raba su bisa gwajin RNA na naman sannan fifikon tosilizumab ya fito fili.

Ba na ganin wannan a matsayin abin da ya kamata asibitocinmu su sa a gaba yanzu. Mai rumatoyid a Gusau ko Azare ko Maraɗi, abin da hannunsa zai iya kaiwa shi ne metotireksat, kuma babbar matsalarsa ita ce ya sami wanda zai gane cutar cikin watannin farko, kafin ƙashi ya zaizaye, don abin da ya zaizaye ba ya dawowa. Abin da lab zai yi masa shi ne tsohon aikin nan a yi shi da kyau: famalin na gaske, wuƙa mai kaifi, rini biyu, Ziehl-Neelsen, da sakamako cikin mako guda ko biyu maimakon wata biyu.

Takardar sakamakon kanta takan ba ɗan rakiya haushi, don ya zo ne a ce masa cuta kaza ce. Abin da zai tarar shi ne bayanin yawan gutsattsarin da aka karɓa, da abin da aka gani, da makin Krenn, sannan a ce kumburi ne mai tsanani da ya daɗe, ba a ga alamar tarin fuka ko gishiri ko ƙari ba, hoton ya dace da rumatoyid, a haɗa da sakamakon jini da abin da likita ya gani. Wannan "ba a ga ba" ɗin shi likitan gaɓɓai yake jira. Da shi zai duba lafiyar hanta da ƙoda da yawan jini, ya tabbatar mace ba ta da ciki kuma ba ta shirin ɗauka, ya rubuta metotireksat tare da folik asid, ya kuma maimaita wa Hajiya da ɗanta har sau biyu cewa sau ɗaya ake sha a mako, ba kullum ba, su zaɓi rana guda su riƙe.